Ranar da Adda ta Sari Sahabi

A shekarar da ake sharar hanyar jirgi zuwa Gusau, ƙafafuna sun gaji da bin jakai Tsafe da Kano, sai na koma Bunguɗu na nemi daji zan yi gona. Sahabi, ɗan ƙanena, shi ya ja mini 'yan sassabe. Magidanci ne mai ƙarfin gaske, ga tsiyar surutu.

Bazara ce, lokacin da kowa ke neman a yi masa ƙaho kafin ruwa ya sauka, don a fid da mataccen jini a shiga noma da sauƙin jiki. Lawwali wanzami ya san inda mutane suke, don haka ya biyo mu daji da zabirarsa ya kafa zama a gindin ɗorawa. Wanda ya gaji da sara sai ya je ya miƙa masa baya.

Da hantsi ya yi zafi, Sahabi ya kama reshe da hagu ya kai sara. Addar ta zame ta sauka a hannunsa, ƙasa kaɗan da gwiwa. Ya taho gindin ɗorawa yana dariya, jini na tsartuwa.

Lawwali ya duba ya ce, "Bar shi ya zuba tukuna. Kai dai ka yi wa kanka ƙahon bana, ka hana ni ladata."

Aka yi dariya. Sahabi ya ce, "Ai gara addata da askarka, Wanzam. Ita ba ta yi mini labarin kishiyoyin garin nan ba kafin ta yanke ni."

Ni ma ban ga abin damuwa ba. Duk ranar muna kallon jini na zuba a ƙasa, kowa na cewa alhamdu lillahi.

Ana haka Hauwa'u, matata, ta iso da ƙwaryar fura. Ɗiyar mahauta ce daga Tsafe, ta tashi tana wanke wa ubanta kayan ciki tun ba ta kai tsawon turmi ba. Ta sauke ƙwaryar, ta dubi hannun, ta dubi bakin Sahabi.

"Malam, tun yaushe yake zuba haka?"

Na ce bai daɗe ba.

Ta juya ga Lawwali. "Wanzam, dubi abin da ka juye daga ƙahonka a can. Wane launi ne?"

"Mai duhu. Mataccen jini ke nan."

"To, wannan fa?"

Ja wur yake, kamar jan barkono. Kuma ba gangarowa yake ba. Ya tsarto, ya tsaya, ya tsarto.

Ta ce, "Haka na rago yake yi idan wuƙa ta kai babbar jijiya. Ba ya tsayawa sai ragon ya tsaya."

Lawwali ya ce, "'Yar fawa, mutum ba rago ba ne."

"Na sani. Amma ɗora hannunka a ƙirjinsa, ka sa ido a kan ciwon."

Ya ɗora. Duk bugun da ya ji a tafinsa, jinin sai ya tsarto tare da shi.

A lokacin Sahabi ya bar surutu. Ya ce wa Hauwa'u, "Inna, ƙishirwa nake ji. Kuma itatuwan nan juyawa suke." Leɓensa ya yi fari, gumi mai sanyi ya keto masa.

Hauwa'u ta kwantar da shi, ta sa na ɗaga hannun sama. Ta lalubi cikin damtsensa, can kusa da hammata, ta danna da yatsu har sai da ta ji ƙashi. Tsartuwar ta mutu.

Wani daga cikin 'yan sassabe ya ce, "Ciwo na ƙasa, ana danna sama?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Daga sama yake zuwa. Zuciya ɗakuna ne da ita, na sha tsaga ta. Tana tura jini huhu ya sha iska, ya dawo mata ja, ta sake tura shi ko'ina, har ɗan yatsa. Idan ya gama aikinsa ya yi duhu, sai ya koma ta wata hanya a hankali. Wanzam mai komawa yake tsotsa. Wannan mai fita ne." Ta ɗan sassauta yatsunta, jinin ya tsarto, ta mayar. "Kun gani?"

Lawwali ya daɗe a sana'arsa, kuma ba ya gardama da abin da idonsa ya gani. Ya ce, "Riƙe mini shi haka, kada ki saki." Ya zaro hantsakinsa na cire ƙaya ya gasa a wuta, ya ce a ba shi zare mai ƙarfi. Na warware na bakin hulata. Ya buɗa ciwon, ya nemo bakin jijiyar, wata 'yar aba kamar tsinken tsintsiya, ya kama ta ya ɗaure. Kafin ya gama hannun Hauwa'u ya gaji, ta ce in ɗora nawa a kan nata in danna. Na ji abin na harbin yatsuna ta cikin nata.

Da ya gama ya ce, "Saki a hankali, 'yar fawa."

Ta saki. Muka zuba ido. Jinin ya ɗan yi naso, bai tsarto ba. Lawwali ya barbaɗa garin bagaruwa ya naɗe da tsumma mai tsabta.

A kan jakina muka kai shi gida. Hauwa'u ta hana shi tashi, ta riƙa ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan. Ta kuma sa matarsa, Luba, ta riƙa duba mata ko yana fitsari. Luba ta rufe fuska don kunya.

"Ke, bar kunyar nan. Ƙoda daga jini take tace shi. Idan ya yi, jinin da ya rage masa ya isa aiki."

Washegari da azahar Luba ta zo ta tsaya a bakin ɗaki, kanta a ƙasa, ta ce, "Inna, ya yi."

Hauwa'u ta ce mini, "Malam, tashi ka je wurin mahauta ka samo masa hanta, tana ƙara jini. Ka duba da kyau, kada su ba ka mai tsutsa."

Ni da na sayi goro a hannun 'yan Gwanja ba a cuce ni ba, na tsaya ana koya mini sayen hanta. Na ce to, na ɗauki sandata.

Ciwon ya yi ruwa, Sahabi ya yi zazzaɓi, har muka sake tsorata, sannan ciwon ya kame. Yatsunsa na gefe ba su ƙara lanƙwasa sosai ba. Amma da ruwan shuka ya sauka, Sahabi ne a gaba da sungumi, yana saran rami yana yi wa masu binsa tsiyar nauyin jiki.