Tsakanin Ci da Cinye

Trotro, motar haya, ta baro tashar Circle ke nan ta nufi Maamobi, Jibirilu ya ji muryarsa tana fitowa daga rediyon direba.

"Darakta yana cin albashin da ya fi na minista," in ji muryar, "yaranmu kuwa ruwan sama na zuba musu a aji."

Shi ya faɗa, babu musu. Jiya ne, a bakin shagonsa na facin taya a Nima, wani ɗan jarida ya miƙo masa makirufo yana tambaya a kan ƙungiyar nan mai tallafa wa karatun yaran Zongo da daraktanta. A ajin ƙungiyar na yamma 'yarsa Mardiya take koyon lissafi kyauta, ga jarrabawar shiga babbar sakandare ta matso. Ya tuna ya ƙara da cewa, "Amma malaman suna ƙoƙari, don Allah kada a rufe mana." Wannan ba a sa ba.

Sai mai shirin ya fassara, da yaren Twi, sannan da Turanci: wai wani uba ya tabbatar darakta ya cinye kuɗin yara. Daraktan kuwa, in ji shi, surukin ɗan takarar wata jam'iyya ne.

"Wannan shi ne namiji!" in ji wata mai tallar waakye, wato shinkafa da wake, a bayansa. "Ya fasa ƙwai!"

Jibirilu ya sunkuyar da kai. Cin albashi ya ce. Ko limami yana cin albashi. Shi bai ce an cinye ba.

Bai biya ta shago ba, ajin ya wuce kai tsaye. Ƙaton kwaɗo ya tarar a ƙofa, Malam Tawfiq mai koyar da lissafi na zaune a kan dakali.

"Baban Mardiya, ka yi suna. Tun safe ake ta sa muryarka a rediyo."

"Malam, wallahi ba haka na faɗa ba."

"Na sani, ai ina jin Hausa. Masu aiko da tallafi daga waje ne ba sa ji. Sun ce a rufe reshen Nima sai an gama bincike."

"Darakta fa?"

Malam ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shi zai shugabanci binciken."

Suna nan tsaye wani saurayi ya sauko daga babur da makirufo, mai tambarin gidan rediyon da ke bayan jam'iyyar surukin darakta.

"Baba, kai ne na safen nan ko? Ka ce kawai biyanka suka yi ka yi ƙarya. Mu za mu wanke ka."

"Ba wanda ya biya ni. Kuma rufin yana yoyo."

"Bar zancen rufi, Baba. Wane ɓangare kake?"

Sai Jibirilu ya hango Mardiya ta ɓullo daga lungu da jakar littattafai, tana tsallake kwata. Ta dubi kwaɗon, ta dubi malaminta, sannan ta dubi ubanta.

"Baba, ashe da gaske ne. To yanzu yaya zan ci jarrabawar?"

Ya buɗe baki, sai ya ga makirufon nan a kusa da haɓarsa. Ya rufe.

"Kawo jakar in riƙe miki," ya ce a hankali. "Mu je gida."