Man Gyaɗar Asma'u a Tankin Yuguda

Tunda sanyi ya shigo, motar Yuguda ta ɗauki wani sabon hali. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas, da ita yake kai buhunan mutane kasuwa. Da safe in ya murza makulli sai ta tashi, ta yi karkarwa, ta mutu. Sai rana ta take sannan ta yarda ta yi tafiya, kamar ba ita ba.

Yuguda ya san yana da hannu a ciki, amma ya ƙi bari zuciyarsa ta faɗa masa. Gas ya yi tsada, wani direba kuma ya taɓa ce masa tsohon inji ba ya ƙin man girki. Matarsa Asma'u tana sana'ar ƙuli-ƙuli, jarkokin manta na jere a ɗakin ajiya. To, sai gogan naka ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan yana ƙara wa tanki.

Ita kuwa Asma'u ta ga mai yana raguwa. Mutum ɗaya ke shiga ɗakin ban da ita: Iya Tahira, maƙwabciyarsu da mijinta ya rasu, wadda ke taya ta matsar mai tana samun na cefane. Asma'u ta kira ta ɓarauniya, ta sallame ta a gaban matan unguwa. Yuguda yana jin komai daga zaure. Wallahi ko tari bai yi ba.

Ranar kasuwa motar ta ƙi tashi sam, buhuna jibge a baya, masu kaya sun kewaye ta. Dole aka kirawo Badaru makanike daga Makoda.

Badaru ya taɓa batir, lafiya lau. Ya gwada hita, masu ɗumama inji kafin a tayar, duk suna aiki.

"Ka ce in rana ta yi zafi tana tafiya?"

"Ƙwarai."

"To mai ne ba ya isa inji da safe. Bari mu ga filta."

Daidai nan Asma'u ta leƙo da butar ruwan zafi, wanda kullum take dafa wa mijinta ya kwara wa injin. Badaru ya kwance filta, wato matatar mai, ya kifa a kan murfin kwano. Maimakon gas ya zubo, sai wani abu fari-fari mai kauri ya faɗo, kamar man shanu.

Ya shinshina, ya fashe da dariya. "Kai, Alhaji! Ƙosai kake soyawa a ciki? Wannan ai man gyaɗa ne ya yi barci!"

Masu kaya ma suka kwashe da dariya. Wani ya ce dama shi kullum motar ta wuce sai ya ji yunwa.

Asma'u ba ta yi dariya ba. Ta ajiye butar, ta dangwali abin da yatsa, ta kai hanci. Wa zai gaya mata ƙanshin suyarta? Ta dubi mijinta. Yuguda ya ji kunya ta lulluɓe shi har ya rasa inda zai sa idonsa, ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "kana zaure ranar da na kira Iya ɓarauniya."

Ta koma ciki, ta fito da mayafi.

"Ina za ki?"

"Gidanta. Kai za ka shige gaba."

Badaru ya ce a ba shi lokaci ya wanke tanki. Yuguda ya bar masa motar da buhunan, ya bi lungu, matarsa na biye. Gidan ba nisa.

Suka tarar da Iya Tahira a tsakar gida tana ɓarzar gyaɗar wasu. Ya durƙusa, ya faɗi komai, yana haɗa kalmomi da ƙyar.

Tsohuwar ba ta daina ɓarza ba. "Ai na sani, ɗan nan. Na gan ka da mazurari tun kafin a kore ni."

"Iya, me ya hana ki faɗa?" in ji Asma'u, hawaye na zubo mata.

"In tona wa mijinki asiri a gaban mata? Na ɗauka shi zai yi magana."