Birekar Aro

Mai Testa ya gane birekar tun kafin ya ajiye jakarsa. Fara ce, sabuwa fil, da ɗigon koren fenti a kusurwarta. Jiya ya gan ta a gidan mai wanki, bai kawo komai a ransa ba. Da safe ya sake ganinta a gidan tela. Yanzu ga ta ta riga shi zuwa gidan surukinsa. Ashe bireka ɗaya 'yan layin suka saya suna ba juna aro kamar tsani.

Aikinsa ne duk bayan 'yan shekaru ya bi gida-gida yana duba wayoyin lantarki. Bana doka ta canja: fiyus irin na da bai isa ba, sai an sa bireka mai yanke wuta da kanta da zarar wutar ta fara zuba inda bai kamata ba.

Mai gidan, uban mijin 'yarsa, yana tsaye a bayansa yana ta yaƙe.

“Malam, ai duban gida ne. Ka ga mun bi sabuwar doka.”

Mai Testa ya danna maɓallin gwaji. Ko gezau, fanka na ta juyinta. Ya kwance murfin: babu ko waya ɗaya da ta shiga ciki, da ƙusa aka maƙala ta a bango kamar hoto. Da ya buɗe tsohon akwatin da ke gefe, wani wari ya buge shi har ya kau da kai. Gawar ɓera ce ta bushe a kan wayoyin, kyankyasai suka watse ta kan hannunsa. A gurbin fiyus kuwa, guntun ƙarfe aka cusa. Tir.

“Wutar nan ta girmi 'yarka, ba ta taɓa kashe kowa ba,” in ji mai gidan. “Gobe ma wata dokar za su ƙirƙiro.”

Nauyin suruki ba wasa ba ne. Gaskiya, saura kaɗan ya mayar da murfin ya yi shiru. Ya ce a nuna masa inda zai wanke hannu tukuna.

Jikarsa ce ta ja shi zuwa famfon tsakar gida, yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba. Ta cire silifas ɗinta ɗaya, ta zura hannu a ciki, ta tura kan famfon da shi cikin gwaninta.

“Kaka, kar ka taɓa. Yana cizo.”

Ya ciro testarsa ta gwajin wuta ya ɗora a jikin ƙarfen. Fitilarta ta kama ja jawur.

'Yarsa na bakin kicin, kanta a ƙasa.

“Na faɗa, Baba. Aka ce mu riƙa sa roba.”

Bai taɓa jin ƙyamar mutum irin ta wannan rana ba. Shi kansa ma bai tsira daga ƙyamar ba, shi da ya wuce gida biyu bai kwance murfi ba. Ya fita wajen mita ya zare babban fiyus, ya jefa a aljihu. Fanka ta yi ta lilo har ta tsaya.

“A duhu za ka bar mu?” in ji mai gidan. “Da 'yarka a ciki?”

“Da 'yata a ciki. Birekar kuma ka mayar inda ka aro ta, gidan tela zan koma yanzu.”

Ya dawo wajen famfon, ya kama ƙarfen da hannunsa a jiƙe don yarinyar ta gani.

“Zo ki taɓa, ya daina.”

Ta dube shi, ta dubi famfon. Ta noƙe kafaɗa, ta ƙara ƙanƙame silifas ɗin.