Ranar Da Na Yi Wa Motata Gata

Tun Damisa tana zuwa a gwangwani muke sayar da ita a garejinmu. Baƙin mai nake nufi, mai hoton damisa a jiki. Babana ya sayar da na gwangwani, ni na gaji na roba. Da kamfanin ya fara ɗaukar nauyin tseren motoci, bangon garejina ya cika da hotunan direbobi masu hular kwano, waɗanda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba amma nake kiransu yaranmu.

Sai ga manajan shiyya wata safiya. Ya ce kamfani zai kawo tsere garinmu, kuma za su naɗa dilan mansu guda ɗaya tak a garin. Ni suke tunani, saboda daɗewa. Abin da suke so kawai, in shige gaban motocin tseren da tsohuwar motata, zagaye ɗaya a hankali, jama'a su ga abin da Damisa take yi wa inji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Matsalar ita ce motar nan ba ta taɓa ɗanɗana Damisa zalla ba. Kowane makanike ya san yadda ake yi. In ka yi wa kwastoma juyen mai, sai ka kife galan ɗin da ka zuba masa a kan mazurari ya kwana yana ɗiga. Na wannan kamfani, na wancan, mai kauri, mai ruwa-ruwa, duk a jarka ɗaya. Shi motata take sha tun tana budurwa, kuma ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba.

Aka manna wa motar hoton damisa a ƙofa. Ina kallonta kunya ta kama ni. Na tsiyaye tsohon man, na fasa sabon galan mafi tsada, na ɗura mata. Matata tana tsaye da kwanon abincina.

"Baban yara, ba kai kake hana mutane zuba wa tsohon inji irin wannan ba?"

"Wannan na mutane ne," na ce. "Tawa na san halinta."

Wallahi da bakina nake faɗa wa kwastomomi: sabon mai yana wanke dauɗa, tsohon inji kuwa dauɗar ce take toshe masa ɓarakarsa. Kwana biyu na yi ina zagaya gari da ita don ta saba, ashe wanki nake taya ta.

Ranar tsere na sha babbar riga, matata a gefena. Mun ci rabin fili, ina ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci zaɓe, sai jar fitilar gargaɗin mai ta kama a gabana. Na leƙa madubi. Wani baƙin layin mai ne yake bin mu tun daga wurin tashi, motocin tsere suna kauce masa. Mai lasifika yana cikin cewa "ku dubi ƙarfin Damisa" ya yi shiru. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Matata ta riƙe sitiyari, ni na tattare riga na tura. Sai da aka ɗage tseren aka zuba yashi a hanya. Na ji zafin abin har cikin raina, don ba wanda ya cuce ni.

Manaja bai yi faɗa ba. Washegari ya aiko yaro ya ɓare hoton daga ƙofar, har da fentina. Dilancin kuwa aka ba mai faci na tsallaken titi. Shi keke yake hawa.