Wurin da Na Yanke

"Kashe wayar nan, Auta!" na faɗa tun daga bakin ƙofa.

Ta ɗago a firgice. Tana zaune gefen gadon babanta, maƙwabcina Mai Agogo, ta jingina wayar da kwalbar magani. Ta katanga na ji kiɗan, nan take na gane fim ɗin. Ni ne fa. Ban taɓa zama a aji ba, amma ni na buɗe gidan kallo na farko a layinmu. Gobara ta ci shi, na sake ginawa. Sa'o'ina duk sun tafi, ga ni da haƙorana.

"Kawu, shi ya ce in nemo masa. Fim ɗin gurgun nan."

Tsofaffin finafinan faɗa na 'yan China ba su bar kowa a baya ba. Ga mace da takobi, ga makaho mai jin faɗuwar ganye, ga mai hannu ɗaya. Kowa a layi yana da gwaninsa. Mai Agogo, da aka haifa da shanyayyiyar ƙafa, nasa shi ne gurgun da ya tare gada da sandarsa. Sai dai a ƙarshe kashe shi ake yi. Ranar da kaset ɗin ya iso na kalla ni kaɗai, na ce ba a gidana ba. Na sa reza na yanke wurin, na liƙe da jan farcen matata. A wurina gurgu na korar maharan gadar sai rubutun ƙarshen fim ya hau. Liƙi ne da masu fim ɗin ma ba za su gane ba.

Yanzu likita ya sallamo Mai Agogo gida, numfashi da ƙyar, ga yarinya ta ɗauko cikakken.

"Wannan jabu ne," na ce. "Na asalin yana wurina."

"Zauna, sarkin surutu," in ji Mai Agogo. "Ka tare min haske."

Na zauna. Aka zo gada. Gurgu ya watsa su, daidai inda nake kunna fitila in ce a tashi. Fim bai tsaya ba. Wasu suka ɓullo da baka. Ya waiga, ya ga abokan tafiyarsa, macen da makahon da yara, sun haye. Kibiya ta farko ta same shi, sai ta biyu. Sai ya kafa sandar a tsakanin katakan gada, ya jingina, bai faɗi ba. Maharan suka yi cirko-cirko, an rasa mai matsowa.

Mai Agogo ya juyo ya dube ni.

"Ashe abin da ka sace min ke nan," ya ce.

"Na gyara musu aiki ne. Nawa ya fi."

"Tafi can. Kowane jarumi ka bar shi ya mutu a gidanka, sai nawa ka raina?" Dariya ta zo masa, tari ya tare ta. Auta ta ba shi ruwa. "A tsaye fa, maƙwabci. Ka gani? Auta, maido min wurin."

Ta maido. Ya sa aka sake maidowa. Ni na karɓi wayar na riƙe masa, don hannuna ba ya rawa har yau.

Da hantsi washegari ya cika, Allah ya jiƙansa.

Da aka zo kwashe kayan ɗakin, Auta ta kwantar da sandarsa a ƙasa tare da tabarmi. Na ɗauka, na jingina ta da bango kusa da teburin aikinsa, inda agogunan mutane ke ta bugawa, kowanne da nasa lokacin.