Safayar Na'Allah

Sun wuce Kende da kaɗan tayar baya ta fashe. A-kori-kurar ta yi tangal-tangal, ta gangara gefen hanya, ta tsaya. Sakinatu, wadda ke zaune a baya tana kare wa Na'Allah rana da faifai, sai da goshinta ya bugi ƙarfe.

"Kak ku damu, Inna, akwai safaya," in ji Zayyanu, ƙanen Na'Allah, yana dirowa daga mazaunin direba. "Yanzun ga mu canza. Asibitin Bagudo ba nisa."

Gamsheƙa ce ta sari Na'Allah da hantsi a gonar albasa. An ɗaure ƙafar da igiya, ta kumbura kamar turmi, idanunsa kuma sun soma lumshewa. Matarsa Batulu ta ɗora kansa a cinyarta tana ta salati.

Ba don shi Sakinatu ta biyo su ba. Batulu ce ta kwarara ihu ta kan katanga, shi ya sa ta ja mayafi. Tun da suka zama maƙwabta a Geza ba ta taɓa ganin abin yabo a jikin mutumin nan ba sai baki. Kullum yana ƙofar gida yana cika majalisa da labarin kansa: shi ya san kowane rami daga Bagudo har iyakar Benin, shi masu kaki ke ɗaga wa hannu, sauran direbobi kuwa ragwaye ne masu wuni gindin mai faci. Alhali tayoyinsa sun suɗe kamar tafin hannu, har waya ta leƙo. In aka yi masa magana, sai ya daki safayar da ke ɗaure ƙarƙashin motar da sarƙa da kwaɗo, ya ce, "Mai wagga ba ya kwana hanya."

"Yaya, ina mabuɗin kwaɗo?" Zayyanu ya tambaya.

Na'Allah ya damƙe aljihun rigarsa. Da kyar maganar ta fito. "Bar ta... kak ka taɓa ta bisa hanya."

"Malam, ranka fa muka ceto!" Batulu ta ce cikin kuka.

Sakinatu ba ta tsaya lallashi ba. Ta ɓanɓare yatsunsa, ta zaro mabuɗin, ta jefa wa Zayyanu.

Da sarƙar ta saki, tayar ta faɗo tim, ba ta ko yi tsalle ba. Zayyanu ya jawo ta yana nishi, ya danna da ƙafa, ta lotsa. Ya kifa ta. Ta ciki an tsaga robar an ɗinke da waya. Ya sa filaya ya warware, ya cusa hannu, sai ga atamfa a nannaɗe cikin leda. Ya sake cusawa, ga wata. Ga wata kuma, duk 'yan Kwatano, masu tsada.

"Mi ne ne wanga, Yaya?"

Sakinatu ta dubi kayan da ke tulle a ƙasa, ta dubi zanen da ke jikin Batulu, wanda wanki ya cinye har ba a gane furensa. Ta ja tsaki mai tsawo.

"To, sarkin hanya," ta ce, "ga safayarka nan. Tashi ka hura mata iska."

"Inna, don Allah," in ji Batulu.

Zayyanu ya jefar da filayar ya ruga Kende neman mai babur. Wani babur ya taho daga can, an lafta masa jarkokin fetur har direban ba ya ganuwa sosai. Sakinatu ta tsaya tsakiyar hanya tana ɗaga faifai, ya kauce mata ya wuce ko waiwaye bai yi ba.

Ta dawo ta tarar numfashin Na'Allah ya koma sama-sama, yawu na bin gefen bakinsa. Leɓunansa na motsi. Batulu ta kara kunne.

"Mi yac ce?"

"Wai... wai a tattara kayan, kada a gani."

Sakinatu ta durƙusa ta shiga karanta masa kalmar shahada da ƙarfi, ko ya bi ko kada ya bi. Ba ta tabbatar ya bi ba. Kafin a ji ƙarar babur ɗin da Zayyanu ya samo daga nesa, ƙirjin ya daina ɗagawa.

Batulu ta shafe masa idanu. Ƙudaje suka soma sauka, babu kuma abin rufawa a motar sai buhun albasa. Sakinatu ta sauka, ta yage leda ɗaya da haƙori, ta miƙa wa Batulu ta lulluɓe shi.

Atamfar shuɗiya ce mai zanen tsuntsaye, takardar kamfani na manne a gefenta. Ta daɗe a lanƙwashe cikin taya, ta ƙi kwanciya, gefen sai ya naɗe ya buɗe fuskar. Batulu ta ja, ta shafe da tafin hannu, ya sake naɗewa. Ta ja kuma, ta bar hannunta a kai.