Akwatin Wasiƙun Thurman Gaddis

Akwatin wasiƙun da ke bakin titi a ƙofar gidan Thurman Gaddis ya sha fenti har murfinsa ba ya rufuwa sai an ɗan buga masa hannu. Da za ka kankare shi da wuƙa, da ka ga launi biyu suna ta hawan juna, kore a kan ruwan goro, ruwan goro a kan kore, har ka gaji ba ka kai ga ƙarfe ba.

Kore launin Jami'ar Pinckard ne, makarantar aikin gona ta nan cikin gari, wadda ake kiran 'yan ƙwallonta Alfadarai. Thurman bai taɓa zama a ajinta ba, azuzuwan dai ya yi wa fenti lokacin yana da ƙarfin hawa tsani. Amma ka kuskura ka faɗi aibin Alfadarai a gabansa, a nan za ka ga yadda dattijo yake kumbura. Ruwan goro kuwa na Shahunan Jami'ar Tolliver ne, can ƙetaren kogi. A can surukinsa Odell Pruitt ya yi karatu, kuma bai taɓa barin wani mahaluƙi ya manta da haka ba. Odell yayan Ernestine ne, marigayiya matar Thurman. Shagon kayan gini ya riƙe har ya tsufa, a wurinsa ma Thurman ya riƙa sayen fenti, wurin sayen fentin kuwa ya hango ƙanwar mai shago.

Ernestine ce ta kafa dokar akwatin. A shekarar farko ta aurensu, mijinta da yayanta suka kusa ba hammata iska a kan teburin cin abinci saboda wasan Pinckard da Tolliver. Ta ajiye cokali ta ce ba za ta zama 'yar rabon faɗa ba har ƙarshen rayuwarta. Daga yau, wanda ƙungiyarsa ta ci zai ɗauko gwangwanin fenti ranar Lahadi bayan coci, ya tako har gidan wanda aka ci, ya shafe masa akwatin wasiƙu da launinsa. A haka akwatin zai kwana ya tashi har wasan baɗi. Wanda aka ci kuma shi zai ciyar da mai fenti, ya zauna ya saurari gorinsa ba tare da ya tanka ba.

Bayan rasuwarta ba wanda ya ce a ci gaba, ba wanda ya ce a daina. Lahadin da ta biyo bayan wasa kawai Thurman ya ga motar Odell a bakin titi da gwangwani a baya. To, ga inda matsalar take: su biyun nan ba su iya kiran waya don gaisuwa ba. In ɗaya ya kira, sai ɗayan ya tambaya wa ya mutu. Wasan nan shi kaɗai ne hujjar da suke da ita ta ganin juna, kuma Odell shi kaɗai ya rage a duniya da ya san Ernestine tun tana ɗaure gashi da ƙyallen atamfa, wanda in ya yi dariya Thurman yake jin tata a ciki.

Sai ga shi a bana Tolliver ta sanar za ta bar rukunin gasar da suke tare ta koma na manyan jami'o'i, inda gidajen talabijin ke zuba dukiya. Da jadawalin shekaru masu zuwa ya fito, babu sunan Pinckard ko a lungu. Wasan wannan Nuwamba shi ne na ƙarshe.

Ranar Alhamis kafin wasan, Thurman yana zaune a gidan abincin Lurleen, a kujerarsa ta kullum kusa da taga, Fasto Whitlow yana fuskantarsa. Lurleen ta zo da butar kofi, hannu ɗaya a ƙugu.

"Baba Thurman, ka yi wasiyya kuwa?" ta ce. "Don in aka cinye ku jibi, da akwati ruwan goro za ka koma ga Mahaliccinka. Babu baɗi."

"Zuba kofinki, 'yar nan, ki bar ni da abin da ke damuna."

"Ai ko ni abin ya dame ni," in ji Fasto. "Wasa kamar wannan a sa shi sha ɗaya na safe? Wai talabijin ta ba wasu yamma. Yaushe mutum zai hura gawayi, yaushe kaza za ta gasu?"

"Ba talabijin ba ce ciwonmu, Fasto, kocin Alfadaran nan ne," Thurman ya ce. "Mutum bai ci wasan kirki ba tun bara, an kira shi an ƙara masa kwantiragi, har da ɗaukar hoto. Yanzu ko an so korarsa sai an sayar da shanun makaranta kaf kafin a sallame shi."

"Ba kai ka ce a bara shi ne zai fitar da mu kunya ba?" Lurleen ta tambaya.

"Ban ce ba."

"A kujerar nan ka faɗa, da wainar ƙwai a bakinka."

Fasto ya yi dariya har ya ƙware. Da ya dawo daidai ya ce ya ji wai baƙaƙen riguna Alfadarai za su sa jibi, don yaran yanzu sun fi son baƙi. Thurman ya ture farantinsa. Ya ce kakannin yaran nan a kore suka sha kashi, a kore suka yi nasara, in mutum yana jin kunyar kore ya tafi makarantar masu gawayi. Aka yi ta yi, wannan ya ce laifin shugaban jami'a ne, wancan ya ce Tolliver ce ta ci amanar maƙwabtaka. Thurman ya fi kowa ɗaga murya, amma a ransa ba kocin ba ne, ba rigar ba ce, ba ma akwatin ba. Tsoro yake ji. Ko su ci ko a ci su, Lahadin nan ce ta ƙarshe da wani zai tuƙa mota zuwa gidan wani.

Ranar Asabar tun da hantsi filin ajiye motoci na Pinckard ya cika da rumfuna da hayaƙin gashi. Odell ya iso cikin ruwan goro tun daga hula har safa, yana dogara sanda, cikinsa yana gaba yana biye.

"Mai fenti," ya ce, "ashe kana nan da rai."

"Ina nan, babban yaya. Na ga kai ma ba ka fasa shigar kabewa ba."

Suka zauna a bayan motar Thurman suna cin kaza rabi ɗanya, don sha ɗayan nan ta hana ta gasuwa. Thurman ya yi ta juya maganar a bakinsa, daga ƙarshe ya ce, "To, kun tafi ke nan."

"Mun tafi," Odell ya ce yana suɗe yatsa. "Mun girme ku, Thurman, gaskiya ce. Baɗi war haka muna wasa da manya, duniya tana kallo. Ku kuma ku nemi makarantar koyon ɗinki ku riƙa bugawa."

"Kocinku ma da kuke taƙama da shi, an ce yana ta amsa wayar wasu."

"Ya amsa mana. Wanda ake nema shi ake kira. Naku wa ya taɓa kiransa, ban da matarsa?"

Thurman ya yi murmushi don dole. Ya duba fuskar surukinsa ko zai ga alamar damuwa, bai ga komai ba sai maiƙon kaza. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Alfadarai suka fito a baƙaƙen riguna, Thurman ya yi tsaki, minti kaɗan kuma ya manta yana ta ihu da sauran jama'a. Yaran sun yi abin da ba wanda ya zata. Suka riƙe Shahuna gam, suka ture su, suka danne su, har aka zo daƙiƙun ƙarshe Tolliver tana gaba da maki biyu kacal, ƙwallo kuma yana hannun Pinckard kusa da gidan Tolliver. Bugu ɗaya tsakanin sanduna ya isa, don a irin wannan wasan maki uku ne. Wani siririn yaro ɗan aji ɗaya ya fito, ya ja baya, ya buga. Ƙwallon ya tashi kyakkyawa, ya yi kamar zai shiga, sai ya karkace ya wuce ta gefen sandar hagu.

Odell ya miƙe yana kaɗa sanda sama har ya kusa cire wa wata mata hula. Sannan ya dafa kafaɗar Thurman.

"Tarwaɗa nake so gobe," ya ce. "Kada ka ƙona ta irin na wancan karon."

Washegari Thurman ya je coci, inda Fasto Whitlow ya yi wa'azi a kan haƙuri yana kallonsa. Ya dawo ya soya tarwaɗa a garin masara, ya gasa burodin masara a kaskon Ernestine, ya sa shayi a firji. Ya fito ya tsaya gaban akwatin, kore shar tun nasarar bara. Ya ɗauko tsumma ya goge masa ƙura. Tun da aikin ƙarshe ne, ya ce a ransa, gara a yi shi da kyau.

Motar Odell ta tsaya. Ya fito da ƙyar, ya buɗe baya ya ɗauko gwangwani da buroshi, yana waƙar makarantarsu da muryar da ko a coci ba a barinsa ya ɗaga.

"Matsa, mai fenti, ka ga yadda ake aiki."

Ya ɓalle murfin da makulli. Thurman ya leƙa, don mai sana'a ba ya ganin gwangwani a buɗe ya ƙi leƙawa. Tun daga warin ya ji wani abu ba daidai ba. Ya sunkuya ya juya gwangwanin ya karanta jikinsa.

"Odell, wannan ai na bangon cikin ɗaki ne."

"Ruwan goro ne ko ba ruwan goro ba?"

"Fentin ruwa ne fa. A kan tsohon fentin mai za ka shafa shi, ba ka goge ba, ba ka sa na ƙasa ba? Ruwan sama biyu ya yi masa yawa. Kafin bazara ta wuce zai riƙa ɓarewa kamar bawon albasa. Kai da ka ƙare rayuwarka kana sayar da fenti? Tsaya, ina da na ƙarfe a gareji, in haɗa maka launin, wanda ko jikokin..."

"Wanda ya ci shi ke zaɓen fenti," Odell ya katse shi. Bai ɗago ba, yana ta juya buroshi a cikin gwangwani. "Haka Tina ta ce."

Shi kaɗai yake kiranta Tina. Thurman ya buɗe baki zai ce Ernestine ba ta taɓa faɗin haka ba, sai ya lura da kunnuwan surukinsa da suka yi ja.

"In ya ɓare fa?" ya tambaya a hankali.

"In ya ɓare dole mai nasara ya dawo ya gyara. Ba zan bar launin makarantarmu ya zama abin dariya a titin Alfadarai ba." Odell ya share hanci da bayan hannu. "Wahala ce dai ka ja mini. Ga nisa, ga tarwaɗarka ba daɗi."

Nan Thurman ya gane. Farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan gwangwanin. Can ya juya ya nufi famfon gefen gida, ya taro ruwa a tsohon kofin da yake ba furannin Ernestine ruwa da shi, ya dawo.

"Ya yi kauri," ya ce. "Ba zai bi buroshi ba."

Ya tuttula rabin kofin a cikin fentin, ya san sarai ruwan zai sa ya fi saurin ɓarewa. Odell ya gauraya, ya ɗaga buroshin, su biyun suka kalli yadda fentin yake zuba tsararo kamar kunun da aka yi wa rowar gari.

"Har yanzu da ɗan kauri," in ji Odell. "Ƙara."